John Philip Holland (1841–1914): Malamin Makarantar da Ya Ƙera Jirgin Ƙarƙashin Ruwa

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa halartar bikin kamun kifi na Argungu ya ga abin da ake kira kabanci, wato wasannin da Kabawa suke nuna gwanintarsu ta ruwa da su, kamar tseren kwalekwale da iyo da kamun agwagwa da kamun kifi da hannu da kuma nitso. A wajen nitso, mutum yakan cika ƙirjinsa da iska ya shige ƙarƙashin ruwa, 'yan kallo su yi ta zuba ido, sai can a ga ya ɓullo. Hausa ta bambanta wannan da nutsewa. Dutse yana nutsewa, kwalekwalen da ya huje ma yana nutsewa, amma ba a cewa sun yi nitso, domin ba da niyya suka tafi ba, kuma ba za su dawo da kansu ba. Nitso sai mai iya komowa.

Wannan bambanci shi ne matsalar da ta gagari maƙera jiragen ruwa fiye da shekara 250. Ƙera jirgin da zai shiga ƙarƙashin ruwa ba wuya ba ne. Wuyar ita ce ya shiga lokacin da matuƙinsa ya so, ya yi tafiya a can ba tare da ya kife ba, sa'an nan ya taso da mutanen da ke cikinsa a raye. Mutumin da ya fi kowa taka rawa wajen warware wannan matsala ba injiniya ba ne, ba kuma sojan ruwa ba. Malamin makaranta ne mai raunin gani da yawan laulayi, wanda ya shafe kimanin shekara 20 yana riƙe da alli. Sunansa John Philip Holland, mutumin ƙasar Ailan. Kada ɗalibi ya rikita sunansa da na ƙasar Holan, sunan zuriyarsu ne kawai. A wannan babi za a kawo tarihin rayuwarsa, da yadda aikinsa ya faro daga ƙananan samfura, da kuma abin da mai shirin zama malami zai ƙaru da shi.

Haihuwarsa da Tasowarsa

An haifi Holland a watan Fabrairu na shekarar 1841 a Liscannor, wani ƙauyen bakin teku a gundumar Clare da ke yammacin Ailan. A wancan zamani ƙasar Ailan baki ɗayanta tana ƙarƙashin mulkin Birtaniya. Mahaifinsa ma'aikacin tsaron gaɓar teku ne, don haka yaron ya buɗe ido yana ganin jirage da igiyar ruwa da masunta. Mahaifiyarsa kuwa harshen Ailan take yi, wato Gelik, kuma da shi aka rene shi. Bai iya Ingilishi sosai ba sai da ya shiga makarantar firamare ta garinsu. Wannan abin lura ne ga malamin harshe: yaron da ya fara tunani da harshen uwa, ya koyi Ingilishi a aji kamar yadda 'ya'yanmu suke koya, shi ne daga baya ya rubuta bayanan fasahar da manyan rundunonin duniya suka dogara da su.

Yana ɗan shekara huɗu aka shiga babbar yunwar Ailan, wadda ta faro a 1845 sakamakon cutar da ta lalata dankalin Turawa, abincin da talakawan ƙasar suka dogara da shi. Kimanin mutum miliyan ɗaya suka mutu, wasu kimanin miliyan ɗaya suka yi hijira. Mutanen Ailan da yawa sun ɗora wa gwamnatin Birtaniya laifin sakaci, kuma ƙiyayyar da wannan ya haifar ta bi tsarar Holland har tsufansu. Sai an riƙe wannan a zuci kafin a fahimci dalilin da ya sa tunaninsa ya karkata ga makamin da zai iya karya jiragen Birtaniya.

Daga baya iyalin suka koma birnin Limerick, inda ya ci gaba da karatu a makarantar Christian Brothers, wata ƙungiyar mabiya ɗarikar Katolika wadda aikinta shi ne koyar da 'ya'yan talakawa. Burinsa shi ne ya zama ma'aikacin jirgin ruwa, amma raunin idanunsa ya hana. Da wannan ƙofa ta rufe, sai ya shiga ƙungiyar a 1858 ya zama malami.

Shekarun Koyarwa

Holland ya yi shekara 15 yana koyarwa a makarantun ƙungiyar a garuruwa daban-daban, cikinsu har da Cork da Armagh da Enniscorthy da Drogheda da Dundalk. Ya koyar da lissafi da kiɗa, kuma rashin lafiya ta sha katse masa aiki. A Cork ne ya haɗu da wani malamin kimiyya mai suna James Dominic Burke, wanda ya shahara da koyarwa ta hanyar gwaji a gaban ɗalibai maimakon haddar littafi kawai. Burke ya ƙarfafa masa gwiwa a kan zane-zane da ƙere-ƙerensa.

A watan Maris na 1862, lokacin yaƙin basasar Amurka, wasu jiragen yaƙi biyu masu sulken ƙarfe, Monitor da Virginia, suka gwabza ba tare da ɗaya ya iya huda ɗaya ba. Holland ya karanta labarin a jarida, ya gane cewa zamanin jiragen katako ya wuce. Ya kuma gane cewa Birtaniya, wadda ta fi kowace ƙasa ƙarfe da masana'antu, ita za ta fi cin moriyar wannan sauyi. Ƙaramar ƙasa ba za ta iya tara jiragen da za su tunkare ta a sarari ba. Sai dai sulken jirgi a sama yake, inda harsashi ke dukansa, cikinsa da ke ƙarƙashin ruwa kuwa ba shi da kariya. Daga nan ya fara tunanin jirgin da zai zo ta ƙasa.

Ba shi da kuɗi, ba shi da maƙera. Abin da yake da shi takarda ne da fensir da katako da tarkacen agogo. Masu rubuta tarihinsa sun kawo cewa ya ƙera agwagwar wasa mai tafiya da zaren agogo, wadda take iyo har ta yi nitso, kuma ya riƙa gwada ƙananan samfuran jirgi a cikin baho. Abin da mutane za su ɗauka wasan yara ne, shi a wurinsa ɗakin gwaji ne.

Matsalar da Ya Tarar

Ba Holland ne ya fara wannan yunƙuri ba. A wajajen 1620 Cornelis Drebbel, mutumin ƙasar Holan, ya gwada wani jirgi mai filafilai a kogin Thames na Landan. A 1776 aka kai wa jirgin yaƙin Birtaniya hari a tashar Niyok da wani ɗan jirgi mai ɗaukar mutum ɗaya da David Bushnell ya ƙera, amma harin bai yi nasara ba. A 1800 Robert Fulton ya gwada nasa a Faransa. A watan Fabrairu na 1864 jirgin Hunley ya nutsar da jirgin yaƙi na Housatonic, amma shi ma bai dawo ba, ya tafi da mutum takwas da ke cikinsa. Dukkan waɗannan da ƙarfin damtse ake tuƙa su a ƙarƙashin ruwa, ba sa nisa, kuma haɗarinsu ga masu tuƙi bai gaza haɗarinsu ga abokan gaba ba.

Ɗalibin da ya tashi a Gwadangaji ko Birnin Kebbi ko Argungu, a gefen fadamar Gulbin Rima, ya riga ya san ƙa'idar da ke ƙarƙashin wannan al'amari, ko da bai san sunanta ba. Masunci yakan kwanta a kan babban gora ya yi iyo da homarsa a hannu, goran bai nutse ba, domin iska ce a cikinsa. Idan aka cika goran da ruwa aka rataya masa dutse, sai ya yi ƙasa. Arkimidis, masanin nan na ƙasar Girka, ya bayyana wannan tun ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.): ruwa yana tura abin da ke cikinsa sama da ƙarfi daidai da nauyin ruwan da abin ya ture. Jirgin ƙarƙashin ruwa gora ne na ƙarfe mai tankuna. Idan za a sauka sai a bar ruwa ya shiga tankunan, idan za a taso sai a kore shi da matsattsiyar iska.

Sai dai sanin wannan bai wadatar ba. Tambayoyi uku suka rage. Ta yaya jirgi zai tsaya daram a cikin ruwa, gabansa bai rinjayi bayansa ba? Da wane ƙarfi zai yi tafiya a inda babu iskar da inji zai ci wuta da ita? Kuma idan inji ya mutu a can ƙasa, me zai dawo da shi? Rayuwar Holland ta ƙare ne a kan amsa waɗannan tambayoyi.

Hijira Zuwa Amurka da Jirgin Farko

A 1873 ya bar ƙungiyar saboda rashin lafiya, ya bi mahaifiyarsa da 'yan'uwansa zuwa birnin Boston na Amurka. Bai daɗe da sauka ba ya zame a kan ƙanƙara ya karya ƙafa. Zaman jinyar ya ba shi damar sake duba zanensa. Da ya warke sai ya koma sana'arsa, ya kama koyarwa a makarantar St. John da ke garin Paterson a jihar New Jersey. A 1875 ya aika wa rundunar sojojin ruwan Amurka zanen jirginsa, suka mayar masa da cewa abin ba mai yiwuwa ba ne.

Waɗanda suka saurare shi su ne 'yan ƙungiyar Fenian, wato 'yan Ailan mazauna Amurka masu fafutukar ƙwato ƙasarsu daga Birtaniya da ƙarfin makami. Ƙanensa Michael yana cikinsu, shi ya haɗa su. A 1876 Holland ya nuna wa shugabanninsu wani samfuri wanda tsawonsa bai kai mita ɗaya ba, a bakin ruwa a Coney Island. Abin da dogon bayani bai iya yi ba, wannan ɗan samfuri ya yi: suka gani da idonsu, suka yarda su ba da kuɗi daga asusun da suka tara.

A ranar 22 ga Mayu, 1878, aka sauke jirginsa na farko a kogin Passaic a gaban taron jama'a. Tsawonsa ƙafa 14, mutum ɗaya yake ɗauka. Ana sauke shi ya sha ruwa ya nutse, mutane suka watse suna dariya. Aka tsamo shi aka toshe inda ruwa ya shiga, sai kuma injinsa na fetur ya ƙi tashi. Holland bai fasa ba. Ya jona tiyo daga tukunyar tururin wani ƙaramin jirgi da ke rakiyarsa, ya tuƙa injin da tururi. A farkon watan Yuni ya shiga da kansa ya yi nitso, har ya kai kimanin awa ɗaya a ƙarƙashin ruwa, ya fito lafiya. Da ya koyi abin da zai koya daga jirgin, sai ya cire kayan cikinsa ya nutsar da gangar a kogin. A 1927 aka tono ta.

Jirgin Fenian Ram

Wannan nasara ta sa ƙungiyar ta ƙara kuɗi, shi kuma ya ajiye koyarwa ya duƙufa. A 1881 aka sauke jirgi na biyu, wanda kamfanin Delamater na Niyok ya ƙera, mai tsawon ƙafa 31, mai ɗaukar mutum uku. Wani ɗan jarida ya laƙaba masa suna Fenian Ram, sunan ya bi shi. A wannan jirgi ne ra'ayoyin Holland suka fito fili. Siffarsa irin ta kifi ce, mai kauri a tsakiya da tsini a gaba da baya. An tsara shi yadda nauyinsa ba zai riƙa gudu daga gaba zuwa baya ba. Mafi muhimmanci, ba a cika tankunansa har ya fi ruwa nauyi. Akan bar shi da ɗan sauƙi kaɗan, sa'an nan inji ya tura shi gaba, wasu fikafikai da ke wutsiyarsa su sunkuyar da kansa ƙasa. Ke nan da ƙarfin gudu yake sauka, kamar yadda mai nitso yake tura kansa da hannu da ƙafa, kuma da zarar inji ya tsaya sai ya taso da kansa. Tambaya ta ɗaya da ta uku sun samu amsa.

Holland ya yi shekara biyu yana gwada jirgin a tashar Niyok. A halin nan rikici ya ɓarke a cikin ƙungiyar a kan kuɗin da ake kashewa. Wani dare a watan Nuwamba na 1883 wasu daga cikinsu suka sace jirgin, suka ja shi zuwa New Haven, tare da wani ƙaramin jirgin gwaji mai ƙafa 16, wanda ya nutse a hanya. Da suka isa sai suka tarar ba wanda ya iya sarrafa shi. Holland ya yi fushi ya raba gari da su har abada. Jirgin bai taɓa zuwa yaƙi ba. Shi da na farkon suna ajiye a gidan tarihi na Paterson.

Gwagwarmaya da Hukuma

Shekarun da suka biyo baya na ƙunci ne. Ya koma aikin zanen injuna a kamfanonin wasu don ya ci abinci. Wani jirgi da ya ƙera tare da wani hafsan soja mai suna Zalinski ya lalace a wajen saukewa a 1885. A 1887 ya auri Margaret Foley. A 1888 da 1889 rundunar ruwan Amurka ta shirya gasar zanen jirgin ƙarƙashin ruwa, zanensa ya zo na ɗaya, amma ba a ƙera komai ba. A 1893 aka sake gasa, ya sake ci, kuma a shekarar ce wani lauya mai suna Elihu Frost ya taimaka aka kafa kamfani da sunan Holland. A 1895 aka ba su kwangilar jirgin da aka sa wa suna Plunger.

A nan ma ba a huta ba. Hafsoshin rundunar sun gindaya sharuɗɗan gudu waɗanda ba za su cika ba sai da injin tururi. Holland ya san cewa tukunyar wuta a cikin rufaffen ƙarfe za ta mayar da jirgin tanda, haka kuwa aka yi. Tun kafin a gama Plunger ya shawo kan kamfaninsa suka fara wani jirgin da kuɗinsu, bisa tsarinsa shi kaɗai. Wannan shi ne jirginsa na shida, wanda aka ƙera a garin Elizabeth na New Jersey, aka sauke shi ranar 17 ga Mayu, 1897. Tsawonsa ya kusa ƙafa 54. A cikinsa ne tambaya ta biyu ta samu amsa: a saman ruwa injin fetur ke tuƙa shi yana kuma cajin batura, a ƙarƙashin ruwa kuwa sai a kashe injin, lantarkin baturan ya karɓa, tun da shi ba ya bukatar iska. Yana kuma da bututun harba topido, wato bam mai gudu da kansa a cikin ruwa.

Ko wannan jirgi sai da ya nutse a bakin tasha, domin wani ma'aikaci ya bar mashigar ruwa a buɗe da dare. Aka tsamo shi aka busar da kayan lantarkinsa. Ranar 17 ga Maris, 1898, ya yi nitso na farko mai nasara kusa da tsibirin Staten. Theodore Roosevelt, wanda a lokacin yake mataimakin sakataren rundunar ruwa, ya ba da shawarar a saya, amma sai da aka ƙara shekara biyu ana gwaji. Ranar 11 ga Afrilu, 1900, gwamnatin Amurka ta saye shi a kan dala 150,000, kuɗin da bai kai abin da aka kashe wajen ƙera shi ba, kuma a watan Oktoba ya shiga aiki da sunan Holland. Shekara 25 ke nan tun ranar da rundunar ta ce abin ba mai yiwuwa ba ne.

Ƙarshen Rayuwarsa

Nasara ta zo, amma ba a hannunsa ta tsaya ba. Gwaje-gwajen sun cinye kuɗin kamfanin, sai wani attajiri mai suna Isaac Rice ya shigo da jari, ya kafa kamfanin Electric Boat a 1899, ya haɗiye na Holland. Haƙƙin mallakar ƙere-ƙerensa ya koma hannun kamfani, shi kuwa ya zama ma'aikaci mai karɓar albashi, ana ta rage masa faɗa a ji. Abin da ya fi ban mamaki shi ne, cikin ƙasashen farko da kamfanin ya sayar wa fasahar har da Birtaniya. A watan Oktoba na 1901 kamfanin Vickers ya sauke jirgin ƙarƙashin ruwa na farko na rundunar Birtaniya, aka sa masa suna Holland 1. Makamin da aka yi tunaninsa don karya wannan runduna ya zama nata. Japan da Rasha da Holan su ma suka saya.

A 1904 Holland ya yi murabus da niyyar kafa sabon kamfani. Tsohon kamfaninsa ya maka shi a kotu a kan haƙƙin mallaka, har da amfani da sunansa na yanka a harkar jirage. Masu zuba jari suka tsorata suka janye. Japan ce ta ƙera jirage biyu bisa sabon zanensa a birnin Kobe, kuma Sarkin Japan ya ba shi lambar girma. Daga nan ya janye daga idon jama'a. Tun a 1900 ya yi rubutu yana hasashen cewa wata rana irin wannan jirgi zai riƙa ɗaukar fasinja tsakanin Ingila da Faransa, amma duniya ba ta bi ta nan ba.

Ya rasu ranar 12 ga Agusta, 1914, a garin Newark, yana da shekara 73, kwanaki kaɗan bayan ɓarkewar Yaƙin Duniya na Ɗaya. Ranar 22 ga Satumba, kwana 41 bayan rasuwarsa, wani jirgin ƙarƙashin ruwa na Jamus guda ɗaya tak ya nutsar da manyan jiragen yaƙin Birtaniya uku a safiya ɗaya, mutum fiye da 1,400 suka halaka. Hasashensa ya tabbata, ta hanya mafi muni. An binne shi a Totowa, kusa da kogin da ya yi nitsonsa na farko, kuma kabarinsa ya yi fiye da shekara 60 babu alamar sunansa. Kamfanin Electric Boat kuwa shi ne ya ƙera Nautilus, jirgin ƙarƙashin ruwa na farko mai aiki da makamashin nukiliya, wanda aka sauke a 1954.

Darasi ga Mai Shirin Zama Malami

Abu na farko shi ne matsayin samfuri. Holland bai taɓa tsallake mataki ba: daga baho zuwa samfurin da bai kai mita ba, daga nan zuwa ƙafa 14, da 31, da 54. Kowane mataki ya nuna masa kuskuren da gyaransa bai yi tsada ba. Har yau akwai masu sha'awar ƙera ƙananan jiragen ƙarƙashin ruwa a ƙasashe da dama, wasu don ado, wasu masu nitso na gaske da ake sarrafawa daga nesa, kuma tambayoyin nan uku su ne suke fuskanta. Yaranmu ma ba baƙin wannan ba ne. Yaron da ya fere karan dawa ya yi mota, ko ya yanka gwangwani ya yi tirela mai juya ƙafa, yana kan hanyar da Holland ya bi. Malamin da ya ƙwace motar ya karya, yana ganin shiririta ce, bai san abin da ya karya ba.

Malami zai iya kawo wannan cikin aji ba da wani kuɗi ba. A samo gorar ruwa ta roba, a huda ramuka uku ko huɗu a gefe ɗaya, a ɗaure ƙusoshi a wannan gefen don ya zama shi ne ƙasa. A huda murfin a zura siririn tiyo, a toshe gefensa da kakin zuma. A sa gorar a cikin baho. Idan aka zuƙe iska ta tiyon, ruwa zai shiga ta ramukan, gorar ta yi ƙasa. Idan aka hura, ruwan zai fita, ta taso. A matsar da ƙusoshin gaba ko baya, ɗalibai su ga yadda take sunkuyawa. A baho za a yi wannan, ba a gulbi ba. Malamin Hausa sai ya sa su bayyana abin da suka gani da baki da kuma a rubuce, su bambance iyo da nitso da nutsewa da tasowa, su kuma gwada ƙirƙiro sunayen sassan jirgin. Ta haka ɗalibi zai ga cewa harshensa yana iya ɗaukar bayanin kimiyya.

Abu na biyu gargaɗi ne. Holland ya iya lissafin nauyi da ruwa, amma takardun da ya sa wa hannu sun raba shi da aikinsa. Ya kuma ƙera abin da bai da iko a kan yadda za a yi amfani da shi. Wanda zai koya wa yara ƙira, wajibi ne ya koya musu tambayar wa zai mallaki abin da suka ƙera, da kuma abin da za a yi da shi.

Kammalawa

A wannan babi an ga yadda ɗan ƙauyen bakin teku, wanda raunin ido ya hana shi aikin jirgi, ya zama malami, kuma daga ajinsa ya faro aikin da ya sauya yaƙin teku. An ga jiragensa sun nutse a gaban jama'a, an sace ɗaya, an ƙwace masa kamfani. Duk da haka, tsarin da ya bari na inji a sama da batir a ƙasa, shi ne mafi yawan jiragen ƙarƙashin ruwa suka bi a yaƙe-yaƙen duniya biyu, sai dai an maye gurbin fetur da dizal.

Tambayoyi

1. Bayyana bambancin nitso da nutsewa, ka nuna yadda ya shafi aikin Holland.
2. Kawo matsaloli uku da ya tarar, da yadda ya warware kowace.
3. Wace rawa ƙananan samfura suka taka a rayuwarsa?
4. Tsara darasin minti 40 na aji biyar na firamare, wanda za ka yi amfani da gorar roba wajen koyar da rubutun bayani.